Yaya, Ba Farauta 'Yarka Take Yi Ba

Salamu alaikum Yaya Alhaji. Ina gajiyar biki? A gaida mini Hajiya da yara.

Tun da muka rabu a wurin ɗaurin auren nan na Kano tambayarka take ci mini tuwo a ƙwarya. Cikin raha ka yi ta, amma na san har zuciyarka take: wai mu Hausawan Jos wane irin mutane ne, da za mu bar 'ya mace ta gama jami'a sannan ta koma daji tana kama tsuntsaye? Har ka ƙara da cewa ko farautar ce ma ai ba gadon gidanmu ba ce. Na yi shiru ne don ba a musu da babba a cikin taro. Yanzu da kowa ya koma gidansa, ga amsata.

Ka fi ni sanin yadda reshenmu ya zo nan. Kuza ce ta raba kakana da kakanka. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna narka ta, amma da kamfanonin Turawa suka buɗe ramuka a kan tudun nan, aka kuma jawo ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, sai jama'a suka yi ta kwararowa: leburori, mahauta, masu tuwo, malamai da almajiransu. Kuzar ta ja baya, kamfanonin sun naɗe tabarmarsu, mu muka zauna. Abin da suka bar mana shi ne tulin jar ƙasa da ɗaruruwan kududdufai daga Bukur har Barikin Ladi, masu ruwa kore shar, waɗanda suka ci yara da shanu ba adadi. A bakin wasunsu muke yin lambu da rani. Yaron da ya tashi yana ganin yadda ƙasa take zama bayan an kwashe cikinta ba ya bukatar lacca a kan lalacewar muhalli. Ku a can hamada kuke tsoro, tana matsowa a hankali. Mu a nan da hannu aka yi ɓarnar, kuma iyayenmu ne suka ɗauki kwanon a ka.

Sai kuma maƙwabta. Kai a unguwarku kowa irinka ne, daga mai shayi har liman. Mu kuwa mun tashi tsakanin Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda muka saba kira Jarawa. Abu na farko da tsofaffinmu suka koya mana shi ne ba kowace bishiya ake sa wa gatari ba, ba kuma kowane dutse ake hawa ba sai an tambaya. Ƙabilun tudun nan da yawa suna da kurmin da suka keɓe don al'adunsu, ba sara ba farauta. Mu ba addininmu ba ne, ba ma shiga, amma ba ma taɓawa. Wannan ladabi ne na zama a ƙasar da ka tarar da wasu, kuma yau idan ka duba za ka ga sau da yawa a irin wuraren nan ne manyan itatuwa suka saura.

Wurin da 'yarka take karatu yana Laminga, ƙasar Afizere, kimanin kilomita 15 daga cikin gari. Dajin sunansa Amurum, bai wuce hekta 300 ba: duwatsu, ciyawa, da kurmi mai duhu a bakin rafuka. A nan aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis a 2001, tare da Jami'ar Jos da mutanen garin. Leventis ɗin nan dai da ka sani na kantuna, zuri'arsu ce. Ana yin digiri na biyu a fannin kiyaye halittu, ɗalibai suna zuwa daga Najeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. A wannan ɗan dajin da mutum zai iya kewaye shi da ƙafa an ƙirga tsuntsaye wajen iri 300.

Ka lura da shekarar. A watan Satumbar 2001 ne garin nan ya kama da wuta, kuma tun daga nan unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Akwai yaran da aka haifa a Gangare ko Unguwar Rogo da suka girma ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da ɗan Birom ba, abin da mu a zamaninmu ba ma ko lura da shi. Don haka da na ga 'yarka tana fita aiki da 'yan ajinsu, wannan Musulma wancan Kirista, suna jiranta ta idar da sallar asuba kafin a buɗe raga, ban ga abin hanawa ba. Da hijabinta take zuwa, da takalmin roba saboda raɓa, da rigar sanyi biyu, don sanyin Jos na watan Disamba ba ya jin sallama.

Na bi ta sau ɗaya don in gani da idona, kada in zama mai ba da labarin abin da bai sani ba. Raga ce siririya kamar gashi ake kafawa tsakanin sanduna tun duhu bai washe ba. Tsuntsu ya faɗa, a cire shi a hankali, a sa shi a 'yar jakar yadi don ya natsu. A auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a duba ƙibarsa, a sa masa ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a rubuta a littafi. Wani lokaci a ɗebi ɗan ɗigon jini daga jijiyar ƙarƙashin fiffike. Daga nan a buɗe hannu ya tashi. Mafarauci ba ya sakin abin da ya kama, Yaya.

Zoben shi ne katin shaida. Da shi aka gane cewa wasu ƙananan tsuntsayen da muke gani a gonakin acca da rani baƙi ne daga Turai: sukan haye Sahara su je can su yi ƙwai, sanyi ya kama su dawo, wani ma ya sauka a gonar da ya bari bara. Idan aka sare 'yan kalgon da yake fakewa a nan, can Turai za a ga ya ragu ba a san dalili ba. Jinin kuwa ana karanta ƙwayoyin gado ne a cikinsa, abin da suke kira DNA. Da shi ake bambance mace da namiji a irin da kamarsu ɗaya, da shi ake gano cutar da ke jikinsu, don tsuntsaye ma suna da nasu zazzaɓin cizon sauro, da shi kuma ake sanin wa ke dangin wa.

Bari in ba ka labarin da ya fi kama ni. Ka san baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan da ke tsince-tsince a tsakar gida ba ta tsoron mutane. Tana da 'yar'uwa a duwatsun nan, mai jan baya, wadda masana ba su san da ita ba sai a 1998, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Robert Payne ya bayyana ta a matsayin iri na daban. Tare da ita akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi wanda ba ya yin sheƙa. Macensa takan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah ta dutse. Idan aka ƙyanƙyashe, zanen da ke cikin bakin ɗan baƙon yana kama da na 'ya'yan gida, sai uwar riƙo ta ciyar da su duka. Ba ya ture 'ya'yan gida waje, tare suke tashi. Namijin idan ya girma kukan mai riƙonsa yake kwaikwaya, macen da ta tashi a irin wannan sheƙa kuwa mai irin wannan kukan take zaɓa, ta kuma koma irin sheƙar ta yi ƙwai. To idan wata mace ta yi kuskure ta saka ƙwai a sheƙar wani irin tsuntsu dabam, 'ya'yanta suka rayu, sai su tashi da sabon kuka, su riƙa auren junansu, a hankali su zama reshe mai zaman kansa. Da aka duba ƙwayoyin gadon ire-iren waɗannan baƙaƙen tsuntsaye na Afirka sai aka ga kusan ɗaya suke, alamar rabuwarsu ba ta daɗe ba. Kuka ne ya raba su kafin jini ya raba.

Har hankaka na tambaye ta, saboda kirarinsa na mai da ɗan wani naka. Ta yi dariya ta ce hankaka yana yin ƙwansa, ba ya satar 'ya'yan kowa. Akwai dai wani tsuntsu da ke zuwa ya saka masa ƙwai a sheƙa, shi ya sa ake ganinsa yana ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba. Ashe shekara da shekaru wanda aka cuta muke zargi.

Na san abin da ke bakinka yanzu: ai ku ne ɗan baƙin nan. Kwatancin bai zauna ba, don mu ba a ɓoye aka ajiye mu a sheƙar kowa ba, da ƙafarmu muka zo, da guminmu muka ci. Amma akwai inda ya taɓa ni. Jikokinka idan sun zo Kano hutu ana yi musu dariyar Hausa, ana kiransu 'yan Jos. Suna cin gwaten acca, ba su iya zafin Afrilu ba, dankalin Turawa ne abincinsu na yau da kullum. A nan kuma takarda ta ce su baƙi ne. Mutumin da ya tashi a haka dole ya iya sauraron kukan da ba nasa ba.

Akwai maganar da ba daɗi, kuma ta shafe mu, ni da kai. Yaushe rabonka da ganin ungulu a mahauta? Muna yara har kan rufin kwanon mayanka suke jeruwa, mahauta suna korarsu da sanda. Ungulu ba ta jewar banza, haka muke cewa, yau kuwa ko jewar babu. Tun 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya ta sa irin ungulun da muka sani cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba ake sa musu a nama, a sayar da kai da ƙafa da gashi ga masu neman asiri, kuma a cikin masu wannan fatauci akwai 'yan'uwanmu Hausawa, a kasuwannin Arewa da na Kudu. Ungulu tana yin ƙwai ɗaya ne tak a shekara, don haka abin da aka kashe a mako guda ba ya dawowa a shekara goma. Mushen da take share mana kyauta yanzu karnuka da ƙudaje ne suka gaje shi. Gauraka ma da ake kiwo a gidajen sarakuna da attajirai kusan ta ɓace a dazukan Najeriya. Ba na faɗa maka wannan don in nuna mun fi ku. A nan ma muna fasa duwatsun da baiwar Allah ta dutse take zama a cikinsu don tsakuwar gini, samari suna cinna wa daji wuta saboda gafiya guda, gidaje suna ta cin gonaki.

Aikin jinin nan bai tsaya a tsuntsaye ba. Da shi ake bin sawun hauren giwa da ɓawon ɗankunya da aka kama a tashar jirgin ruwa, a gano dajin da aka kashe dabbar. Da shi aka tabbatar giwar kurmi da giwar fili iri biyu ne. Da shi kuma aka gano cewa zakin Afirka ta Yamma, irin na Yankari da Kainji, ya fi kusa da zakin Indiya a kan na Afirka ta Kudu. Ma'ana idan namu ya ƙare ba za a je kudancin Afirka a ɗauko wani a ce an maye gurbi ba.

Ka tambaye ni ko malamai sun yarda. Na kai maganar ga limamin masallacinmu tun kafin ta fara. Bai ja ta da nisa ba, ya karanto mini ayar nan ta Suratul An'am da ke cewa babu wata dabba a doron ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fikafikansa face al'ummai ne irinku. Sharaɗinsa biyu ne: kada a wahalar da abin da aka kama, kada kuma ta yi wasa da salla. Maganar aure da ka taɓo a ƙarshe, tana nan tafe in Allah ya so, kuma kai ne waliyyi, ba wanda zai ƙwace maka wannan.

Tana da saƙo gare ka. Ta ce akwai aikin tattara bayanan tsuntsayen Najeriya baki ɗaya da ake yi, kowa yana iya taimakawa da wayarsa, kuma bayanan ƙauyuka irin namu ne suka yi ƙaranci. Tana so in shamuwa ta sauka a kan tsamiyar nan ta ƙofar gidan gado bana, ka sa yaro ya rubuta ranar, ya ƙirga sheƙa nawa suka yi, ya kuma rubuta ranar da aka yi ruwan farko. Idan akwai tsohon da ya tuna yawansu a da, a tambaye shi. In kuma ba su zo ba sam, ta ce wannan ma a rubuta.

Naka ƙane, daga Jos.