Zama uku na yi ban ga canji ba, in daina?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Tun bayan haihuwata ta biyu barci ya ƙaurace mini, ga kuka babu dalili. Likita ya tura ni wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam a wani asibitin kuɗi. Na je sau uku, kullum tambayoyi, sai littafi da ta ce in riƙa rubuta abin da yake zo mini a rai. Ba magani, ba shawara. Daga Rijiyar Lemo nake zuwa, ga kuɗin adaidaita ga kuɗin zama, har maigida ya fara cewa surutu muke saye. In haƙura in koma kemis? Daga wata mai jego.

Amsa: Sannu 'yar uwa, Allah Ya raya. Masu irin tunanin nan naki suna da yawa. A 2012 wasu masana biyu a Amurka, Swift da Greenberg, sun tattara bincike 669, suka gano kusan mutum ɗaya cikin biyar yana barin irin wannan jinya kafin a kammala.

Ni dai a ganina, ke da masaniyar kowa da abin da ya ɗauko a ransa, kuma ba wanda ya buɗe wa ɗan uwansa. Mu a nan mun saba in an je asibiti a yanki kati, a ga likita, a fito da takardar magani. Ita kuwa ba ta rubuta magani, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Littafin nan da kika raina, da alama hanyar da ake kira CBT take bi, inda ake bin sawun tunanin da ke jefa mutum cikin damuwa, a koya masa yadda zai tare shi. Yawanci ana yin zama 6 zuwa 20, sau ɗaya a mako, kuma na farkon duk na sanin tarihinki ne. Ke nan ko tsakiyar gida ba ki shiga ba, kina soro.

Amma ita ma akwai nata laifin. Tun ran gini ran zane. Ya kamata tun ranar farko ta faɗa miki tsawon tafiyar da abin da za ta ci. Tunda ba ta yi ba, ke ki yi. Ki koma sau ɗaya, ki aje kunya, ki yi mata irin tambayar da kike wa mai atamfa a Kwari: zama nawa ya rage, me zan fara gani ya canza, zuwa yaushe? Ki faɗa mata maganar kuɗi ƙarara, wataƙila ta mayar da ke duk mako biyu. In hali ya yi ki tafi da maigidan, ya ji da kunnensa. Idan kuma kika ga ba ta sauraronki, ko ranki bai kwanta da ita ba, sauya wata ba laifi ba ne, domin jituwar mai jinya da mai yi mata tana cikin abubuwan da suka fi tasiri wajen samun sauƙi. Asibitin Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma na Dawanau da ke kan hanyarku. Na san abin da mutane ke faɗa kan sunan Dawanau, ki toshe kunne.

Kemis kam a'a. Ƙwayoyin barci irin su diazepam suna kama jiki, suna kuma bi ta nono. In ana buƙatar magani likita zai zaɓi wanda ya dace da mai shayarwa. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo miki, kada ki jira ranar zama, ki tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Hajiya, an ce in biya kuɗin zama goma da wani masanin halayyar ɗan Adam a dunƙule za a yi mini ragi. In biya? Daga wani magidanci, Hotoro.

Amsa: Malam, biya na zama biyu tukuna ka ga kamun ludayinsa. Ka tambayi karatunsa, don masu kiran kansu ƙwararru sun yi yawa a Facebook da TikTok. In ka gamsu ka biya sauran, amma a rubuta maka nawa za a dawo maka da shi idan ka tsaya a zama na biyar.