Iglu Da Risho: Kar Ka Toshe Kafar Iska

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Winnipeg, ƙasar Kanada. A watan Fabrairu za mu fita daji mu gina iglu, wato ɗakin dusar ƙanƙara, mu kwana a ciki. Na sayi zarton yankan dusar ƙanƙara, amma fargabar sanyi ta hana ni sakat. Wani a Facebook ya ce in toshe kowace kafa, in kunna risho har gari ya waye. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Aikin zarton ba wuya. Nemi dusar da iska ta daddale, ka soka sanda ka ji taurinta ɗaya ne daga sama har ƙasa. Yanki tubalai masu tsawon santimita 60, tsayi 40, kauri wajen 15. Ka zaftare sahun farko ya yi gangare, sauran su riƙa hawa suna zagayawa, kowanne ya ɗan rusuna ciki. Ƙofa ta kasance ƙasa da makwanci, don iska mai sanyi ƙasa take kwanciya.

Shi kuwa mai wannan shawara ta Facebook, da na san shi da na ce ya ji tsoron Allah. Kullum sai na ji wannan shirme, wai ai dusa tana numfashi. Sabuwar dusa ce ke barin iska ta ratsa. Da zarar ɗumin jiki da na risho ya taɓa bango, fuskarsa ta narke ta sake daskarewa, ya shafe ke nan, ba shiga ba fita. A nan gubar kabon monoksaid da risho ke fitarwa ke taruwa, wadda ba ta da wari balle launi, kuma ta fi iskar oksijin kama jini sau fiye da 200. Ita ce dai ke kashe iyalai a gida idan an kwana da janareto ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi, mutum yana zaton gajiya ce.

'Yan ƙabilar Inuwit na arewacin Kanada da ake koyi da su wajen gina iglu, duk da fitilar kitsen da suke kunnawa, ba sa gini babu huda a sama. To wane ne shi?

Huda rufin, faɗin dunƙulen hannu, ka ajiye sanda kana zungura cikin dare idan dusa na zuba. Girki a waje. Ɗumi kuwa daga jakar barci da shimfiɗa mai kauri zai zo, sai busassun kaya, domin guminka na yankan tubali zai daskare a jikinka idan ba ka canza ba. Shebur da zarton su kwana a gefenka, ko da ƙofa za ta toshe.