Tambaya da Amsa: Ina son ɗinka wa 'yan wasan kwaikwayo tufafi, har in koyar da shi a jami'a

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Na gama sakandare bana, kuma tun ina aji uku nake zama a shagon yayata ina koyon ɗinki. Ni na ɗinka kayan wasan kwaikwayon da makarantarmu ta yi ranar rabon kyaututtuka, tun daga rigar sarki har ta dogarai, kuma ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba. Na ji an ce wannan aikin kika yi har kika koyar da shi a jami'a. Da gaske ana karanta shi? Ana cin abinci da shi? Babana ya ce aikin 'yan fim ne, shi bai yarda ba.

Ɗiyarki, daga Argungu

AMSA

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ana karanta shi, har a kai digiri na uku. Amma bari in fara da abin da ba a gaya miki ba: keken ɗinki shi ne ƙarshen aikin nan. Farkonsa karatu ne.

Idan aka miƙo mini wasa, kafin in taɓa almakashi sai na karanta shi na sake karantawa, har na san kowa da ke ciki kamar maƙwabcina. Wane zamani ake ciki? Damina ce ko hunturu? Wannan matar mijinta na da hali, ko kwanan nan ya karye? Daga nan in zana jadawali, sunayen 'yan wasa a gefe, fitowa-fitowa a sama, kowane gida in rubuta abin da mutum yake sanye da shi da mintin da yake da shi na canzawa. Sai in zauna da mai ba da umarni mu daidaita, in zana kowace shiga a takarda in manna mata ƙyallen yadin da nake nufi. Riga mai wuyar yanka a akoko nake fara gwada ta, don kada a ɓata yadi mai tsada. Bayan duk wannan ne ake zuwa ga awo da ɗinki.

Akwai kuma abubuwan da shago ba zai koya miki ba. Farar shadda sabuwa idan fitilar dandamali ta haske ta, ƙyallinta kan cinye fuskar mai ita, shi ya sa muke rage mata fari da ruwan shayi. Jan yadi a ƙarƙashin koren haske baƙi yake komawa. Yadi mai ƙananan zane-zane a jere yakan yi rawa a idon kyamara. Wanda zai fita sarki ya dawo bafade cikin minti ɗaya ba a sa masa maɓalli goma, maɗauri ake ɓoyewa a baya. Sannan tela duk burinsa kaya su fito sababbi fil, mu kuwa rabin aikinmu tsofar da kaya ne. Taguwar masunci sai an jiƙa ta, an goge gwiwar hannu da dutse, an shanya ta a rana har launi ya kwanta, an shafa wa bakinta laka. Idan masunci ya fito da guga a rigarsa, mutumin Argungu ba zai ƙara yarda da komai a wasan ba.

Wurin da nake so ki fi tsayawa shi ne tarihi, domin a nan ake yawan yi mana ɓarna, kuma abin yana ci mini rai. Sai a shirya wasa kan Kanta, Sarkin Kabi wanda ya yi mulki a ƙarni na 16, a fito da shi cikin shadda mai aikin keke, da takalmin roba, wani lokaci har da sawun agogo a hannu. A zamaninsa babu keken ɗinki, atamfa ma sai ƙarshen ƙarni na 19 ta iso Afirka ta Yamma. Abin da ke akwai saƙar hannu ce, sirara-sirara a harhaɗa, da rinin baba, da fata, da lifidin dawaki. A fada kuma tufa magana ce. Rawani mai kunne biyu ba na kowa ba ne, alkyabba tana da masu ita, ja da kore na dogarai ne. Aska takwas da aska biyu ba darajarsu ɗaya ba. Wanda ya naɗa wa attajiri rawanin ɗan sarki ya sa shi faɗin abin da marubuci bai rubuta ba.

Ke kuwa a tsakiyar wannan ilimi aka haife ki. Gidan tarihi na Kanta yana garinku, tun 1958 aka mayar da tsohuwar fadar wurin adana kayan tarihi. Bikin kamun kifi da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, a bakin Matan Fada ake yin sa. Ki je ki dubi shigar Sarkin Ruwa, ki dubi yadda masunci ke ɗaure jikinsa don ya iya riƙe homa da gora. Idan hali ya yi ki ga bikin Uhola a Zuru, ki ga bikin tseren jiragen ruwa na Rigata a Yawuri, ki lura da shigar Fulani ranar kasuwa da ta Zabarmawa. Ki sayi littafin rubutu mai kauri. Duk tsohuwar da ta yarda ta buɗe miki adakarta, ki zana abin da kika gani, ki tambayi sunansa, da wanda ya saƙa, da ranar da ake sa shi, ki ɗauki hoto idan ta ba ki izini. Masu wannan sani suna ƙarewa, kuma kaɗan ne ƙwarai aka rubuta. Ruth Carter, Ba'amurkiyar da ta ci kyautar Oscar a 2019 kan tufafin fim ɗin Black Panther, daga shigar Masai da Ndebele da Buzaye ta ɗebo dabarunta. Buzayen nan ke a kasuwa kike gamuwa da su.

Batun makaranta kuma, yawanci a sashen wasan kwaikwayo ake koyar da tsara tufafi, tare da kwalliya da haske da shirya dandamali. A Arewa akwai sashen a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda aka fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975, kuma har yau ɗakin wasansu na ginin ƙasa ne irin na gidajenmu. Akwai shi a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos, kuma a Jos ɗin akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa. Ki tabbata kina da kiredit biyar da suka haɗa da Ingilishi da Adabin Ingilishi, ki kuma duba kundin JAMB na shekarar da za ki zauna, don sharuɗɗa kan canza. Idan babu Adabi a sakamakonki, ki sake zama ki cike shi. Wata ƙofar ita ce sashen zane-zanen masana'antu na Zariya, ɓangaren yadi, inda za ki koyi saƙa da rini da buga zane.

Koyarwa a jami'a doguwar hanya ce, gara ki sani tun yanzu. Shekara huɗu na digirin farko, sai hidimar ƙasa. Wanda ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba shi ake iya ɗauka mataimakin malami. Daga nan digiri na biyu, sai na uku, wanda in babu shi da wuya a wuce zuwa babban malami. Idan kin samu gurbi a jami'ar gwamnati, asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, na ɗaukar nauyin ƙaro karatun malamai. Ƙarin girma kuma da rubutu ake samunsa. Na ga gwanaye waɗanda hannunsu ya fi nawa nesa ba kusa ba, suka daɗe a matsayi ɗaya saboda ba sa zama su rubuta abin da suka yi. Duk wasan da kika yi wa kaya, ki adana zanenki da hotuna da dalilin kowane zaɓi, ki mayar da su maƙala. Littafin nan da na ce ki saya, shi ne zai iya zama tushen kundin digirinki.

Kin tambayi abinci. Ana ci, amma albashin malamin jami'a ba ya sa mutum ya yi arziki, kuma a 2022 wata takwas aka yi ana yajin aiki. Wasan dandamali ma ba kullum ake yi ba a wajenmu. Abin da ke riƙe mutum shi ne haɗawa: aikin fim da talabijin, tawagar jiha idan za ta bikin al'adu na ƙasa, makarantu, hayar kayan gargajiya ga masu biki. Kada ki saki shagon yayarki. Shi zai biya miki kuɗin rajista wata rana.

Saura Baba. Kada ki yi masa gardama, tsoronsa na uba ne kuma yana da tushe. Gaskiya ce ana yin atisaye har dare, gaskiya ce maza da mata ne a ajin, kuma a shekarun farko za a sa ki hau dandamali ko da ba shi kika je nema ba. Kada ki ɓoye masa ko ɗaya daga ciki. Ki nemi wanda yake jin maganarsa, kawunki ko gwaggonki, ku je tare. Ki nuna masa zanenki. A gaya masa cewa sashen wasan kwaikwayo na Zariya ya yi suna ne da kai wasa ƙauyuka don wayar da kan jama'a kan lafiya da noma, kuma abin da kike hange kujerar malanta ce. Idan da hali a kai shi ya ga wurin da idonsa, ya gaisa da malamai mata. Idan duk da haka ya ce a'a, ki karɓi ɓangaren yadi. Ilimin tufafi ɗaya ne, kuma da albarkarsa za ki tafi.

TAMBAYA

Malama, ni tela ne, shekarata ashirin ina aikin babbar riga, amma iyakata firamare. Akwai inda irina zai shiga a wannan harka?

Mai karatu, daga Jega

AMSA

Malam, akwai, kuma mu ne ke neman irinka. Sunan malamin jami'a ba zai samu ba sai da takardu, wannan ba zan rufe ka ba. Amma ɗalibanmu da yawa ba su taɓa ganin yadda ake zana aska a jikin riga kafin a sa allura ba, kuma sassan kan gayyaci masu sana'a su nuna wa ɗalibai aiki, masu shirya fim na tarihi kuma suna biyan wanda ya iya aikin hannu na asali. Ka ɗauki hoton kowace riga kafin mai ita ya karɓa, gaba da baya da kusa-kusa, ka sa yaronka ya rubuta sunan kowane aiki da tsawon lokacin da ya ci. Idan suka taru, ka kai wa shugaban sashen wasan kwaikwayo ko hukumar al'adu ta jiha, ka tafi da riga ɗaya a hannu wadda ba ka gama ba, da zarenta da allurarta.