Tambayi Likita: Tiyatar Bututun Janye Ruwa Daga Ƙwaƙwalwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana watansa biyar, kansa yana girma fiye da kima kuma maɗigarsa ta kumbura. Bayan ɗaukar hoto, an ce ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwarsa, sai an sanya masa bututu. Dangi suna cewa a bari ya ƙara ƙwari. Shin tiyatar tana warkarwa baki ɗaya, kuma akwai illa idan muka dakata?
Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba yaro lafiya. Ruwan da aka faɗa miki ba baƙo ba ne a jiki, domin ƙwaƙwalwar babban mutum tana samar da kusan mililita 500 a kowace rana, yana zagaya ɗakunanta huɗu da laka, sannan jini ya tsotse shi. Matsala tana tasowa ne idan hanyarsa ta toshe ko tsotsewar ta gaza, sanadin halittar da aka zo da ita, ko sanƙarau, ko zubar jini a ƙwaƙwalwar bakwaini. Da yake ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, sai kan ya riƙa buɗewa.

Game da jira, ba na goyon bayansa ko kaɗan. Dangi tausayi ne ya sa su faɗi haka, amma muddin ruwan yana taruwa, yana danne ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar girma, kuma abin da ya lalace na gani ko tafiya ko fahimta ba lallai ne ya dawo ba.

Bututun, wanda likitoci ke kira shant, siririyar roba ce mai laushi. Bayan an sa yaro barci, ana huda ƙaramar kafa a ƙoƙon kai, a zura bakinta cikin ɗakin ruwan, sannan a bi da sauran ta ƙarƙashin fata, ta bayan kunne da wuya da ƙirji, har cikin ciki, inda jiki yake shanye ruwan. Idan kika shafa bayan kunnensa za ki ji ɗan tudu, wannan shi ne bawul ɗin da ke barin ruwa ya fita amma ya hana shi komawa. Wani uba ne a Amurka, John Holter, ya ƙera irin wannan bawul a shekarun 1950 saboda ɗansa da ke fama da wannan larura.

Sai dai bututun ba ya kawar da asalin ciwon, hanya kawai yake buɗe wa ruwa, shi ya sa yawancin yara suke rayuwa da shi har girma, da dama suna karatu da sana'a. Yana iya toshewa ko tsinkewa, kuma ƙwayoyin cuta kan kama shi, musamman a watannin farko, don haka sake tiyata ba abin mamaki ba ne. Duk ranar da kika ga amai ba ƙaƙƙautawa, ko barcin da ya wuce misali, ko ƙin kama nono, ko zazzaɓi, ko jijjiga, ko maɗiga ta yi tauri alhali yana zaune ba ya kuka, ko baƙin idonsa ya koma ƙasa kamar rana za ta faɗi, to ki kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Akwai wata tiyatar da ake yi da ƙaramar kyamara, a huda ƙasan ɗaki na uku don ruwa ya sami mafita ba tare da bututu ba. Ba kowane yaro ta dace da shi ba, kuma ta fi yin nasara ga waɗanda suka ɗan tasa, amma ki tambayi likitan da ya ga hoton ko ɗanki yana cikin waɗanda za ta amfana.