Ɗorewa, ɗumame, da goran da ba a fafewa ranar tafiya

Saƙonnin wannan mako duk daga Zariya suka fito, kuma kamar an haɗa baki, duk a kan muhalli ne.

Wata ɗaliba a Jami'ar Ahmadu Bello ta rubuto: "Allah ya gafarta Malam, ƙungiyarmu ta ɗalibai tana rubuta tsarin kula da ruwa da wuta da shara da itatuwa a harabar makaranta. Mun sa masa suna 'tsari mai ɗorewa', sai wani ya ce wannan Hausar rediyo ce. Haka ne?"

'Yata, Hausar rediyo ma Hausa ce, kuma wannan kalma ta girmi rediyo. Ɗore ɗan'uwan ɗora ne. Ana ɗora kaya a kai, ana ɗora tukunya a murhu, mai ɗori yana ɗora ƙashin da ya karye. In an ce abu ya ɗore, an yi ta ɗora wani a kan wani ke nan bai yanke ba. Saboda haka ba ku yi kuskure ba.

Amma ni ina da ƙorafi a kanta. Ɗorewa tana faɗin sakamako ne kawai, ba ta faɗin wa zai yi aikin. Kuma ba abin kirki kaɗai ke ɗorewa ba, rashin ruwan famfo ma yana ɗorewa. Kalmar da ke ɗauke da aikin ita ce tattali. Ki lura da 'yan'uwanta don kada ki cakuɗa su. Tanadi shi ne ajiye wa gobe. Tsimi shi ne cin kaɗan don abu ya kai. Rowa kuwa hanawa ce, ba ta cikin dangin. Tattali ya haɗa tanadi da tsimi, ya ƙara da ƙauna: mace tana tattalin mijinta, makiyayi yana tattalin maraƙi, kuma daga nan muka samo "tattalin arziki". Wanda ya rufe famfon da aka bari yana zuba a ɗakin kwanan ɗalibai, ko ya kashe fanka da ƙwan lantarki a ajin da babu kowa, ba za ki ce ya yi ɗorewa ba, amma kowa zai gane in kin ce ya yi tattali. Da ni ne, da na rubuta "tattalin muhalli" a saman takardar. Muhalli kuwa aro ne daga Larabci, asalinsa wurin zama. Har yanzu in an ce mutum ba shi da muhalli, gida ake nufi. Masu labarai ne suka faɗaɗa shi ya ɗauki iska da ruwa da daji.

Tunda muna kan ɗora, kada a rikita ɗorawa ta aiki da ɗorawa ta itace. Rubutunsu ɗaya, karin sautinsu daban. Ita itaciyar manomi ba ya sare ta a gona, don garinta abinci ne, kalwarta daddawa, ɓawonta makuba. Gawo ma haka, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya tofo da rani dabbobi su samu. Kakanninmu ba su rubuta tsari ba, amma sun san itacen da gatari ba ya taɓawa.

Wani malamin firamare daga Tudun Wada ya ce: "Malam, sauyin yanayi ne daidai ko canjin yanayi? Kuma me ya sa ake cewa ɗumamar yanayi?"

Malam, duk biyun suna tafiya. Canji aro ne daga Turanci, ya zauna da gindinsa tun a kasuwa, sauyi kuwa ɗan gida ne. Ni sauyi nake rubutawa, don canji yana kai hankalina wajen kwandastan mota.

Inda gizo ke saƙar shi ne yanayi. Kalma ɗaya muke amfani da ita ga abu biyu. Hadarin da ya taso yau da la'asar daga gabas yanayi ne. Halin da aka san gari da shi, cewa Zariya tana samun ruwa daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kimanin milimita 1,000 a shekara, shi ma yanayi ne. Na biyun ake nufi in an ce ya sauya, kuma masana sukan tara lissafin shekara 30 kafin su yanke hukunci. Don haka hunturu ɗaya mai tsanani ba hujja ba ce ga mai cewa duniya ba ta ƙara zafi ba. Irin wannan doguwar ƙididdiga ana samunta a wurare kamar Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922, shekara 40 kafin a buɗe jami'ar a 1962.

Ɗumama kuwa, gaskiya ta yi wa abin sauƙi. Ɗumi a wurin Bahaushe daɗi ne: jin ɗumi da asubar hunturu, ɗumin uwa, ɗumamen tuwo da man shanu. Wa zai ji tsoron ɗumame? Amma kalmar ta riga ta bi gari, ba mai dawo da ita. In za ka koya wa yara, ka kwatanta musu da zazzaɓi. Yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Faris a 2015 tana neman a yi ƙoƙari kada ƙarin zafin duniya ya wuce digiri 1.5. Adadin kamar ba komai, amma jikin mutum a 37 yake, in ya kai 38.5 an kwanta. Sanadin kuwa hayaƙin fetur da gas da kwal ne, har da janaretan da muke tayarwa in an ɗauke wuta, ga kuma sare itatuwan da ke shanye wannan iska.

Wani ɗalibi daga Kongo, harabar jami'ar da ke cikin Zariya, ya tambaya a taƙaice: "Shuka itace ko dasa itace?"

Ɗana, iri ake shukawa, tsiro ake dasawa. In ka tona rami ka jefa ƙwallon mangwaro, shuka ka yi. In ka ɗauko ɗan itace a baƙar leda, ka yage ledar ka sa shi a rami, dashe ne. Abin da ake yi a bukukuwa dashe ne. Sai dai akwai kalma ta uku da ba ka tambaya ba, wato raino. Na taɓa halartar irin wannan biki a wata makaranta cikin watan Agusta, ƙasa jiƙe, manyan baƙi suna riƙe da shebur ana ɗaukar hoto. Na koma wurin a Afrilu. Layin ramuka na tarar, kowanne da ɗan tsinke busasshe, awaki sun cinye kai, gara ta ci gindi. Guda biyu ne suka rayu, darbejiya ce kusa da ɗakin maigadi. Ya kewaye su da ƙaya, kuma a gindinsu yake alwala. Duk tsarin da ya ƙirga itatuwa ranar dashe bai ƙirga komai ba, a ƙirga su bayan bazara ta biyu. A cikin birnin Zariya muna da Rimin Tsiwa da Rimin Doko, unguwannin da itace ya ba su suna, kuma rimi ba ya kai wannan matsayi sai ya ga jikokin wanda ya fara shan inuwarsa.

Tambaya ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce a Sabon Gari: "Malam, 'ba a fafe gora ranar tafiya', gorar sanda ake nufi?"

A'a, Malama. Gora biyu ne. Akwai ta sanda, wadda ake dogarawa. Akwai na duma, wanda matafiyi ke zuba ruwa. Na biyun ake fafewa, a yanke bakinsa, a ƙwaƙule 'ya'ya da totuwa, a jiƙa shi kwanaki ɗacin ya fita, sannan a shanya. Wanda ya fafe da safen tafiya ruwa mai ɗaci zai sha a hanya. Karin maganar tana gargaɗi ne kan shirin da ke da kwanakinsa, wanda gaggawa ba ta rage su.

Ɗaliban da suka yi tambayar farko su riƙe wannan. Kwatar da ledar fiya-wata ta toshe, a Afrilu ake yashe ta, ba ranar da ruwan Agusta ya shiga ɗakuna ba. Ruwan da ke kwarara daga rufin manyan ɗakunan karatu, tankinsa da rani ake ginawa. Dam ɗin Kubanni da jami'ar ke sha, duk ƙasar da ruwa ya zaizayo daga gonaki da gine-ginen da ke samansa a cikinsa take kwanciya, kuma laka ba ta sallama kafin ta cika wuri. A 2021, a taron duniya kan sauyin yanayi a Gilasgo, Shugaba Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa, kuma a shekarar ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi. Ɗan aji ɗaya na yau zai yi furfura kafin 2060, amma itacen da ake so ya yi wannan aiki a lokacin, hannunsa ne zai dasa.

Kin kuma rubuta "gorar", to a daidaitacciyar Hausa na duma namiji ne, "goran ruwa", ta sanda ce mace. Na san Kanawa za su ce Bazazzagi ne ƙarshen wanda zai yi hukunci kan namiji da mace a nahawu, mu da ake tsokana da "mota ne". Su duba ƙamusun Bargery na 1934, sannan mu haɗu.