Baƙin mai na tsiyaya daga murfin injin Corolla: zan iya canja gaskit ɗin a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni malamin makaranta ne a Zariya, ina da Toyota Corolla ƙirar 2005 mai injin 1.8. Kwanan nan idan na tsaya a danja sai in ji ƙaurin mai yana shigowa cikin mota, gefen murfin injin kuma ya jiƙe da baƙin mai. Wani bakanike ya ce gaskit ne, wani ya ce sai an sauke kan injin. Ina da 'yan kayan aiki a gida. Zan iya yi da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, in dai gaskit ɗin murfi ne. Amma bari mu fara warware maganar bakaniken nan biyu, domin a nan mutane suke asarar kuɗi. Gaskit biyu ne a saman injin. Akwai na murfi, wanda roba ce da ke zagaye bakin murfin da kake gani idan ka ɗaga bonet, aikinta kawai ta hana mai fita. Akwai kuma na kan silinda, wanda ke can ƙasa tsakanin kan injin da gangar jikinsa. Shi idan ya ƙone, mota za ta riƙa yin zafi, ruwan lagireto ya riƙa ƙarewa, salansa ya yi farin hayaƙi, baƙin mai a jikin geji ya koma kamar shayi mai madara. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, saboda haka kada ka yarda a sauke maka kan inji a kan tsiyayar mai kawai.

Ƙaurin da kake ji yana da dalili. Injin motarka shi ne 1ZZ-FE, kuma bututun salansarsa a baya suke, ta wajen bangon da ya raba injin da mazaunin direba. Man da ya gangaro ta baya a kan ƙarfe mai zafi yake sauka, ya ƙone, iska ta kwaso warin zuwa ciki. Wannan ba abin a yi ta jinkiri da shi ba ne, mai a kan salansa yana iya kama wuta.

Kafin ka sayi komai, goge injin tas, ka hau motar kwana biyu, sannan ka haska tocila ka nemi wuri mafi tudu da ya jiƙe. Mai ƙasa yake gangarowa, don haka inda ya fi sama nan ne mafarinsa. Na nanata wannan ne saboda injin nan yana da wata sananniyar lalura: abin da ke ɗaure sarƙar taimin (sarƙar da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul-bawul na injin), wanda ke bayan injin ta ɓangaren fasinja, yana da ƙaramar robar zobe da ke bushewa ta riƙa yoyo. Na sha ganin an canja gaskit ɗin murfi sau biyu alhali laifin na wannan 'yar robar ce. Idan bakin murfin a bushe yake amma ƙasa da shi a jiƙe, to nan za ka duba.

In ka tabbatar murfin ne, nemi gaskit na asali na Toyota ko na kamfanin da aka sani, ka tafi da lambar injin, a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano za ka samu. Lanƙwasa shi a hannunka: mai kyau yana da laushi, yana komawa yadda yake. Kada ka sayi na hannu, komai arhar sa, domin roba da ta sha zafi ta riga ta mutu. Sai soket mai lamba 10, filaya, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da ƙaramin kwalin gam ɗin inji mai jure mai da zafi.

Yi aikin da safe, injin a sanyaye, a inuwa, ranar da ba iska. Da zarar murfin ya tashi cikin injin a buɗe yake, ƙurar hunturu kuwa tamkar yashi ce ga ƙarfen da ke gogayya. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai. Cire wayar batir ta baƙin kai, cire murfin leda na sama, zare wayoyin kwayil huɗu, masu ba fulogi wuta, a hankali don robarsu ta tsufa, kwance notin kowane kwayil ka fito da shi. Leƙa ramukan fulogi. Idan mai ya taru a ciki, shi ne ke sa inji karkarwa, sai ka tsotse shi da tsumma kafin ka ce za ka kwance fulogi, kada ya zuba cikin silinda. Cire tiyo biyu da ke jikin murfin, kauda wayoyin gefe, sannan ka kwance notocin murfin injin kana jera su yadda suke, saboda ba tsawonsu ɗaya ba.

Idan murfin ya manne, bubbuga shi da tafin hannu ko gudumar roba. Kada ka cusa sukundireba ka banƙare. Kan injin na alminiyam ne, zane ɗaya a bakin nan ya isa ya bar maka yoyon da sabon gaskit ba zai toshe ba. Murfi na tashi, rufe cikin injin da tsumma, musamman ramin sarƙa. Noti ɗaya ya faɗa nan, aikin awa biyu ya koma na gareji.

Yanzu wurin da aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Zare tsohon gaskit, wanke kwarmin murfin, goge bakin kan injin har ya bushe ƙayau, ba ɗigon mai. Kankare tsohon gam da abin roba, ban da reza. Danna sabon gaskit cikin kwarminsa har ya zauna ko'ina, haɗe da zagayen ramukan fulogi. Gam kuwa wuri biyu kacal yake buƙata: inda murfin sarƙar taimin ya haɗu da kan injin, gaba da baya, domin akwai ɗan tsagi a mahaɗar da roba ba ta cikewa. Ɗigo kamar ƙwayar wake ya wadatar. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake lafta gam a zagaye gaba ɗaya. Rarar tana matsewa zuwa ciki, ta bushe, ta gutsure, ta bi mai ta toshe rariyar famfon mai ko siraran hanyoyin da ke kai mai sama. An zo gyaran yoyo an jawo wa injin ƙishirwa.

Da ka sa gam, mayar da murfin cikin minti 3, kai tsaye daga sama, ba tare da ja ba. Fara ɗaura kowane noti da yatsa, sannan ka bi su daga tsakiya zuwa gefe, kana tsallakawa daga wannan ɓari zuwa wancan, zagaye biyu ko uku. Ƙarfin da Toyota ta ƙayyade wa notocin nan bai wuce Niyuton-mita 9 zuwa 11 ba. In ba ka da sifana mai auna ƙarfi, riƙe hannun soket ɗin kusa da kansa, ka tsaya da zarar noti ya zauna ya ɗan yi tauri. Ɗaurin ƙarfi ba ya hana yoyo, sai dai ya murƙushe robar, ko ya cinye zaren alminiyam, ko notin ya tsinke a ciki.

Kafin ka mayar da tiyo, kwance ɗan bawul ɗin PCV da ke jikin murfin, wanda ke fitar da tiririn cikin injin, ka girgiza shi. Mai lafiya yana ƙara kamar akwai tsakuwa a ciki. Idan ya yi shiru ya toshe, tiririn cikin injin ba shi da mafita, kuma shi zai tura mai ta sabon gaskit ɗin ma. Canja bawul ɗin.

Mayar da kwayil da wayoyi, ka bar motar awa 2 gam ya kama kafin ka tada ta. Duba geji ka cike mai in ya ragu. Ƙaurin zai iya ɗan ci gaba kwana ɗaya ko biyu, tsohon man da ke kan salansa ne yake ƙonewa. Bayan mako guda ka sake haska tocila a bakin murfin da bayan injin. In ka ga sabon jiƙo, ɗauki hotonsa ka aiko mini, Malam, mu duba tare.