Amsa ga ɗana game da rubuta tarihin mahaifinsa

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni bayan sallar isha'i, kuma na fahimci tambayarka: kana so ka rubuta tarihin mahaifinka, yadda ya fara da gingimari guda har ya kafa kamfanin sufuri, a buga shi da hotonsa a raba ranar sadakar arba'in kamar yadda ka ga wasu suna yi a Yamai, amma kana gudun kada manya su ce ka zo da baƙon abu. Ka kyauta da ka tambaya kafin ka kai wa masu buga takarda kuɗinka.

Abin da muka taras a Damagaram shi ne ba a tsayawa a gaban gawa a jera kirarin mamaci. Ka tuna ranar da muka kai shi makwancinsa. Da aka ajiye makara a ƙofar gida, kafin liman ya ta da kabbara, ni na miƙe a matsayin ƙanensa, kuma abin da na faɗa bai wuce cewa duk mai bin Alhaji bashi, ko wanda Alhaji ke bi, ya same ni ba, sannan na roƙi jama'a su yafe masa. Wannan shi ne jawabinmu na jana'iza, domin a shari'a ana biyan bashi kafin a zartar da wasiyya, wadda ita ma ba ta wuce sulusin dukiya, kuma sai bayan haka magada suke da ikon taɓa ko dala.

Bashin mai motoci kuwa ba kamar na manomi ba ne, wanda ke iya zama a zaure ya lissafa masu binsa. Nasa a warwatse yake a kan hanyoyi, kuma akasarinsa ba a rubuce yake ba: mai faci a Tanout, mai tuwo a Matamaye inda direbobi ke ci a ce a sa a lissafin Alhaji, bakanike a Kano, mai man gas, da ɗan kasuwar da ya biya kuɗin lodin wake amma kaya ba su tashi ba. Ranar sadakar uku, kana cikin gida wajen iyayenka mata, wani dattijo ya iso da ƙurar hanyar Agadas a rawaninsa, ya ciro wani littafin ƴan makaranta da bangonsa ya yage, a ciki an rubuta lambobin motocinmu da yawan facin da ya yi wa kowace. Duka kuɗin jaka goma sha ɗaya ne. Ya ce ba karɓa ya zo yi ba, ya zo ne ya yafe a gaban shaidu. Na matsa masa har ya karɓa, sai ya zauna a gefen tabarma ya ba mu labarin yadda mahaifinka ya taɓa sauke rabin kayan mota da dare don ya kai matarsa asibiti tana naƙuda. Shekara nawa ina tare da yayana, ban taɓa jin wannan labari daga bakinsa ba.

Irin wannan magana muke kira shaida, kuma ba baƙuwa ba ce a addini. Ya tabbata a hadisi cewa an wuce da wata gawa, sahabbai suka ambace ta da alheri, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shaida musu cewa su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Bambancin shaida da kirari shi ne, shaida daga bakin wanda ya gani take fitowa ba tare da an roƙe shi ba, kirari kuwa maroƙi ke yin shi ga wanda ya sani da wanda bai sani ba. Takardar da ɗa ya buga a kan ubansa, komai gaskiyarta, mutanenmu kusa da kirari za su ajiye ta.

Game da arba'in ɗin kanta, ka san malamai sun saɓa. Mutanen Izala suna cewa sadakar uku da bakwai da arba'in ba su da asali, malaman ɗariƙa kuma suna ganin taro ne na addu'a da sadaka, kuma ba ni zan raba wannan gardama ba. A gidanmu muna yi, amma ba rumfa ba ƙawa, kuma ba daga dukiyar gado ba, tunda akwai ƙannenka da ba su balaga ba, kuma rabonsu dukiyar marayu ce. Ka kuma tuna cewa iyayenka mata suna cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, don haka arba'in a tsakiyar zamansu take faɗowa. Ban so su leƙo tsakar gida su ga fuskar mijinsu a hannun yara. Ni na ga irin takardun nan da idona, da aya a samansu, washegari an ƙunshe ƙosai a ciki.

Duk da haka ban hana ka rubutu ba, ina ma son ka yi shi, domin jikokinsa za su taso su ga motoci da sunan gidan a jikinsu ba tare da sanin yadda aka same su ba. Sai dai ka bari a fita takaba, a raba gado, sannan ka rubuta shi don ƴan gida, kuma kada ka tsaya ga yawan tireloli. Ka rubuta 1984, shekarar fari, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa 1986, motocin da ke zirga-zirgar Kano suka yi ta zama a fili suna shan rana. Ka rubuta Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, taya da kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, shi kuwa ya gwammace ya sayar da mota guda da ya sallami direba ko ɗaya. Ka rubuta kuma abin da bai yi daidai ba, cikin ladabi, kamar zafin ransa idan mota ta yi latti, wanda kai ma ka ɗanɗana.

Akwai kuma aikin da ya fi rubutun gaggawa. Kowane azumi mahaifinka yakan aika buhun gero gidan duk direban da ya rasu a aikinsa, kuma shi da direbobi da karnukan mota kwano guda suke ci a zaure. Hadisi ya nuna cewa sada zumunci da abokan uba bayan rasuwarsa yana daga mafi girman biyayya, kuma abokan ubanka waɗannan mutane ne. Gidajen suna rubuce a wurina, kuma bana kai da yayanka za ku kai geron da ƙafarku, ba aike ba.

Idan an ba ku hutu ka zo da wayarka, mu je Zango wajen tsohon direbansa na farko, wanda suka fara hanyar Agadas tare tun yana karen mota. Jikinsa ya yi rauni, kuma da safe ya fi iya magana. Ka gaida mutanen gidan da kake zaune. Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya sa ya huta.